Gado, Haye da Digiri: Yadda Aka Koyi Sana'ar Nishaɗi Daga Fadar Isa Zuwa Sama Road

A shekarar 1978 aka kammala fim ɗin Kanta of Kebbi, wanda gwamnatin Jihar Sakkwato ta zuba kuɗinta a ciki. Adamu Halilu ne ya ba da umarni, mutumin da ya koyo aikin fim a Ingila, kuma shi ne ya shirya Shehu Umar shekara biyu kafin nan. Yau in mutum ya bi titin Sama Road a birnin Sakkwato yana tambayar jama'a ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya dace da wanda ya taɓa ganin wannan fim. Amma in ya ɗan zauna a teburin mai shayi ko a shagon cajin waya, ba zai daɗe ba zai ji muryar Musa Ɗanƙwairo ko ta Ibrahim Narambaɗa tana tashi daga wayar wani, alhali babu ɗayansu da ya taɓa shiga ajin koyon waƙa.

Da irin wannan misali mutane da yawa suke rufe gardama. Sai su ce ai ga zahiri nan, harkar waƙa da fim baiwa ce da bin ubangida, takarda ba ta da abin da za ta ƙara. Wasu kuma su ce rashin karatu ne ya hana finafinanmu fita kunya a gaban na duniya. Gardamar tana da nauyi, domin kowace shekara akwai yaran da ke gama sakandare suna son riƙe kyamara ko shiga situdiyo, akwai kuma iyayen da za su yanke shawarar inda za a kashe kuɗi da shekarun ƙuruciya. Muna ganin tarihin ƙasar Sakkwato da maƙwabtanta yana da abin da zai gaya wa ɓangarorin biyu, kuma ba lalle ya yi wa kowannensu daɗi ba.

Makarantar 'yan amshi

Kafin zuwan rediyo da silima, babbar masana'antar nishaɗi a wannan ƙasa ita ce kiɗa da waƙa, kuma tana da tsarin koyarwa mai hawa-hawa. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya in an fita yawon kiɗa. Daga nan ya koyi gyaran ganga, ɗaurin fata da shafa nake. Sai a ba shi ƙaramin kiɗa, sannan ya shiga sahun 'yan amshi, inda zai shekara da shekaru yana karɓa wa jagora kafin a bar shi ya ƙulla ɗan waƙa nasa. Abin da yake haddacewa a wannan tsakani ba kaɗan ba ne: nasabar sarakuna kaka da kakanni, kirarin kowane gida, tarihin yaƙe-yaƙe, wanda ake fara ambata da wanda ake jinkirtawa, da iyakar da zambo da habaici suke tsayawa. Kuskure ɗaya a nasaba ranar hawan salla ya isa ya zubar da mutuncin ƙungiya duka. Fada ita ce ɗakin jarrabawa, jama'a su ne masu ba da maki.

Musa Ɗanƙwairo a nan ya tashi. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin fadar Maradun ne, kuma Musa ya yi amshi a ƙarƙashinsa, ya yi a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya har ya kai ga yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Ya rasu a 1991 ya bar 'ya'ya a kan sana'ar. Narambaɗa, ɗan garin Tubali, ta wajen uwa ya gaji kiɗa, da kiɗan noma ya soma kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973, ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sa'idu Faru ya yi zamaninsa da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo a Talatar Mafara. Waɗannan sarautu na kiɗa su ne matakan ƙwarewa na wancan lokaci, kuma kowa ya san abin da mutum ya yi kafin ya hau su.

Akwai abin da masu yabon wannan tsari sukan manta. Koyon yana tafe da haƙƙi a kan mai koyarwa. Jagora ne ke ciyar da yaransa, ya tufatar da su, ya raba musu kyautar da aka samu gwargwadon matsayin kowa, sau da yawa ma ya yi musu aure. Yaro ya san matakin da yake kai da wanda zai hau gaba. Akwai kuma abin da masu kushe shi suke da gaskiya a kai. Ƙofar a tsuke take, domin ɗan gado ke da wuri, ɗan haye sai ya sha wuya. Mamman Shata na ƙasar Katsina haye ya yi, mahaifinsa ma bai so ba. Sannan ilimin duka a ka yake. In jagora ya faɗi, abin da yaransa ba su riƙe ba ya tafi ke nan. Waƙoƙin Narambaɗa da muke ji yau su ne waɗanda na'urar ɗaukar magana ta riska a ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a farkon shekarun 1960.

A nan jami'a ta yi aikin da fada ba ta yi ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 a kan waƙar baka da Shata. Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa. A 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa. Jami'a ba ta haifi makaɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ba don ita ba da rabin abin da muka sani game da su ya bi iska.

Takarda ba baƙuwa ba ce

Masu cewa takardar shaida kayan Bature ce sun manta da tarihin garin da muke magana a kansa. Malaman da suka kafa Daular Sakkwato a gaban malami suka yi karatu, littafi bayan littafi, kamar yadda Shehu Usmanu ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umar. Idan ɗalibi ya ƙware, malaminsa yakan ba shi ijaza, wato izinin karantar da abin da ya karanta, da jerin sunayen waɗanda ilimin ya biyo ta hannunsu. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh musamman don ya lissafa malamansa da abin da ya ɗauka a wurin kowannensu. Wannan tsari ya haɗa abu biyu da muke rabawa yau: zama kusa da gwani na tsawon shekaru, da rubutacciyar shaida mai ɗauke da sunan wanda ya koyar da abin da aka koya. Makaɗa sun samu na farko, ba su samu na biyu ba. Wannan giɓi ne ya biyo mu har cikin zamanin fim.

Zamanin majigi da 'yan makaranta

Fim ya shigo Arewa ta hannun hukuma. Motocin majigi na Turawan mulki, daga baya na gwamnatin Jihar Arewa, su ke zagaya garuruwa suna nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai. Waɗanda suka koyi aikin ma'aikatan gwamnati ne da aka horar, wasu aka tura su ƙetare. Daga cikinsu Adamu Halilu ya fito. An kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 1979, aka buɗe kwalejin talabijin ta NTA a Jos a 1980, sannan hukumar finafinan ta buɗe makarantarta ta koyon fim a Jos a 1995. A Zariya kuwa, Michael Etherton ya fara karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, aka gina dandalin wasa da jar ƙasa bisa fasalin ginin Hausawa, ɗalibai suka riƙa shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Saddik Balewa, wanda ya yi karatun fim a Ingila, ya fitar da Ƙasarmu Ce a 1991.

Waɗannan mutane sun san aikinsu. Matsalarsu ita ce hanyar da suka koya tana cin kuɗin da gwamnati ce kaɗai ke iya bayarwa. Fim ɗin silima sai an sayo shi daga waje, a wanke shi a waje, gidajen silima kuma sun fi son na Indiya da na Sin da ke kawo ciniki. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, darajar naira ta faɗi, sai wannan hanya ta toshe. Makaranta ta koya musu yin fim, ba ta tanadar musu kasuwar da za su kai shi ba.

A ƙetaren iyaka, a Nijar, labarin ya ɗan bambanta. Umaru Ganda tsohon soja ne da ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya sa shi a fim. A hannunsa ya koyi aikin, kuma a 1972 fim ɗinsa ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Mustafa Alasan, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa, makanike ne kafin ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka. Su biyun almajiran gwani ne, sai dai gwanin nasu yana da cibiyar bincike a bayansa, da kayan aiki da wurin ajiya. Shi ya sa har yau ana iya ganin ayyukansu.

Zamanin kaset

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga nan ƙofa ta buɗe wa 'yan haye. Marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ta ajin yaƙi da jahilci ya shiga boko, suka mayar da littattafansu fim. Masu ɗaukar bidiyon biki suka zama masu ɗaukar fim, masu fiyano suka maye gurbin makaɗan kalangu a situdiyo, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suka zama masu zuba jari. Zuwa 1999, shekarar da Sangaya ya fito, aka fara buga mujallar Fim, sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa, harkar ta riga ta zama masana'anta mai ciyar da dubban mutane, ba tare da wata makarantar fim ta sa hannu ba. Yaro yakan fara da riƙe fitila ko sandar makirfo, ya koma mai kula da ci gaban shiri, wata rana a wayi gari shi ne darakta.

Kada a ɗauka duk marasa karatu ne. Ali Nuhu digiri gare shi a ilimin labarin ƙasa daga Jami'ar Jos. Rabilu Musa Ibro gandiroba ne kafin ya koma barkwanci. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da 'yan jarida. Karatun da suka zo da shi na wasu fannoni ne, sana'ar kuwa a wurin ɗauka suka koye ta. A watan Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda makarantar fim ta Jos ke ƙarƙashinta. Mai son gardama zai iya jan wannan naɗi ta kowane ɓangare: a wurin ɗauka ya ƙware, amma karatun da ya yi ya sauƙaƙa masa zama da hukuma da kamfanonin waje.

Koyon wurin ɗauka ya zo da nasa ciwon. Almajiri yana gadon kuskuren ubangidansa kamar yadda yake gadon gwanintarsa. In wanda ya koya maka bai damu da tsabtar sauti ba, kai ma ba za ka ji ƙarar janareta a fim ɗinka ba. Shekara da shekaru ana kuka da raunin haske da sauti, da labarin da ake ƙirƙira a wurin ɗauka, da wankiyar finafinan Indiya. Kaɗan ne suka san haƙƙin mallaka da rubuta yarjejeniya, don haka da satar fasaha da tura fim ta waya suka kashe kasuwar faifai a tsakiyar shekarun 2010, mutane da yawa sun tashi a tutar babu. Finafinai masu yawa na shekarun 1990 kuwa sun lalace a kaset, kamar yadda waƙoƙin makaɗan da suka bi iska.

Sau biyu aka yi yunƙurin cike giɓin daga sama. A 2007, bayan wata taƙaddama da ta sa aka dakatar da shirya fim na wasu watanni a Kano, hukumar tace finafinai ta jihar ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da jari mai kauri ga kamfani da takardar shaidar karatu ga ma'aikata. 'Yan fim sun ɗauki abin a matsayin shinge, domin an nemi takardar ba tare da an buɗe ajin da za a same ta ba. A 2016 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, da wurin horarwa a ciki, amma aka janye shirin bayan adawar malamai da jama'a. Darasin da muka ɗauka shi ne, takardar da aka ɗora wa mutane don a tace su ba ta ƙara wa kowa ƙwarewa, makarantar da aka tsara ba tare da shawarar al'umma ba kuma ko tubalinta ba a kai ga azawa.

Inda muke yau

Tun da tashar Arewa24 ta fara a 2014, ta kuma kawo shiri irin Daɗin Kowa, aka ga amfanin rubutaccen labari da jadawalin aiki. Izzar So ya nuna cewa YouTube kasuwa ce. A 2024 aka zaɓi Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, ya wakilci Nijeriya a neman kyautar Oscar. Kayan aiki sun yi araha, har wayar hannu tana ɗaukar hoton da ya fi na kyamarar 1990. A Sama Road da sauran manyan titunan Sakkwato za ka ga samari da kyamara a wuya suna tafiya ɗaukar biki ko walima ko taron siyasa, wasu suna haɗa gajerun barkwanci da Sakkwatanci don TikTok, wasu suna tace hoto a kwamfutar oga.

Yawancinsu almajirai ne, amma almajirancin ya rasa ƙashin bayansa na da. Babu wa'adi, babu mataki, babu ranar yaye. Yaro zai shekara huɗu yana ɗaukar jakar oga a kan kuɗin mota, aikin da ya tace ya fita babu sunansa, ranar da suka saɓa ya fita ba shi da abin nunawa. Ɗan amshin Ɗanƙwairo ya fi shi sanin makomarsa. A gefe guda kuma akwai mai digirin aikin jarida ko wasan kwaikwayo da ya gama shekara huɗu ya san tarihin silimar duniya, amma hannunsa bai saba da kyamara ba saboda kayan sashen ba su isa ɗalibai ba.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan gardama, domin a gidanmu ma ana yin ta. Digirin kimiyyar kwamfuta ya ba mu tushe, ya koya mana dalilin da ya sa abu ke aiki, wanda shi ke ceton mutum ranar da kayan aiki suka sauya. Amma mafi yawan abin da ake biyanmu a kansa a gefen wani babba muka koye shi, yana duba aikinmu yana mayar mana da shi. Abin da ya rage mana zafin gardamar shi ne rubutu. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005, kowane layi da mutum ya rubuta yana ɗauke da sunansa da ranar da ya rubuta shi. Mai digiri da wanda ya koya a shago duk suna iya buɗe aikinsu su ce ga abin da na yi, ga wanda ya duba. Wannan ijaza ce ta zamani, kuma ita ce 'yan fim da mawaƙanmu suka rasa.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin masu sana'ar za su iya sa wa koyo wa'adi, shekara biyu ko uku, da abin da za a koya a kowane mataki, da sallama a ƙarshe, kamar yadda 'yan kasuwar Ibo suke sallamar yaransu da jari. Sunan duk wanda ya taɓa aiki ya fito a ƙarshen shiri, ko da bidiyon biki ne. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin ba da shaida ga wanda ya koyi sana'a a hannu, irin wanda ake ƙoƙarin yi wa masu ƙira na Panteka, kuma babu abin da ya hana a shigar da mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti. Shirin SIWES da ke tura ɗalibai koyon aiki tun shekarun 1970 zai iya kai su wurin ɗaukar fim maimakon ofishin da za su wuni suna hamma. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta san darajar Narambaɗa bayan rasuwarsa za ta iya gayyatar gwanayen da ke raye su koyar, a kuma ajiye kwafin ayyukan yau a wuri irin cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu.

Kafin a kai ga haka, yaron da ke tsaye tsakanin hanyoyin biyu yana da tambayoyin da ya kamata ya yi, shi da mahaifinsa. In makaranta ce, a tambaya kyamara nawa ke aiki a sashen, wane ne cikin malaman ya taɓa fitar da shiri, ina kuma ɗaliban bara suke. In ubangida ne, a tambaye shi yara nawa ya yaye, su wane ne, ina shagunansu. Gwanin da ya shekara goma yana sana'a bai iya nuna mutum ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa ta hannunsa ba, ɗan aike yake nema, kuma gara a gane haka tun kafin a ba shi yaro.